Lasisi a Hannu, Eriya a Kwali: Abin da Masu Rediyon Ham ke Bincikawa Kafin Su Sayi Gida a Amurka

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan domin waɗanda data ko hayaniyar wurin aiki ba ta bar su sun saurara ba.

Yau Amurka za mu leƙa. A can akwai mutumin da aka yi wa jarrabawa, ya ci, gwamnatin tarayya ta ba shi lasisin yin magana da duniya ta rediyo daga ɗakinsa. Ya tara kuɗi ko ya ci bashin banki na shekara 30 ya sayi gida. Ranar da ya ɗauko tsani zai ɗaura waya a saman kwanon gidansa, sai ga wasiƙa: sauke, ko a ci ka tara. In ya garzaya kotu, galibi shi zai sha kaye. Me ya jawo haka, kuma me masu wayo suke yi tun kafin su biya kuɗin gida? Shi ne zancenmu.

Da farko, mene ne rediyon ham?

Mu a nan mun san rediyo ta ɓangaren saurare. Rediyon ham kuwa kai ne mai magana, kai ne mai saurare. Mutum ne zai haɗa 'yar tasharsa a gida don sha'awa da neman ilimi, ya yi hira da wani mai irin tashar a wani gari ko wata nahiya, babu layin waya, babu intanet a tsakani. Doka ta hana yin kasuwanci da ita, ta hana sa kiɗa, ta hana ɓoye ma'anar saƙo. Kowa yana da lambar kira da ake gane shi da ita, kuma farkon lambar ke nuna ƙasa: ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Ghana 9G. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ɗan ham ne, lambarsa JY1. Haka ma Rajiv Gandhi, tsohon firaministan Indiya. Har 'yan sama jannatin da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa suna amfani da ita wajen zantawa da 'yan makaranta.

A Amurka hukumar sadarwa ta tarayya, wato FCC, ita ke ba da lasisin. Mataki uku ne, na farko jarrabawarsa tambaya 35 ce, kuma lasisin yana aiki shekara 10. Masu riƙe da shi sun haura 700,000. Babbar ƙungiyarsu ita ce ARRL, wadda Hiram Percy Maxim ya jagoranci kafawa a 1914, hedikwatarta na jihar Connecticut.

Wani zai ce ai wannan wasan tsofaffi ne, a zamanin WhatsApp. To, ranar da guguwa ta kayar da ƙarafan sabis ake gane amfaninsa. An gani a guguwar Katrina a 2005. An gani a Puerto Rico a 2017, lokacin da guguwar Maria ta durƙusar da lantarki da layukan waya, har aka tura 'yan ham na sa-kai su taimaka wa ƙungiyar Red Cross. An sake gani a 2024 a yankin duwatsun North Carolina bayan guguwar Helene, inda ta rediyo iyalai da dama suka ji labarin 'yan'uwansu. Batir ɗaya da waya ɗaya sun isa a tura saƙo.

Me ya sa eriyar take da girma haka?

Kun tuna yadda gidajen rediyon ƙetare ke sanar da cewa za a same su a gajeren zango a kan mita 16, mita 19, mita 25? Waɗannan mitocin tsawon igiyar rediyon ne na gaske. Lissafin mai sauƙi ne: ka raba 300 da yawan megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon igiyar a mita. Megahaz 7 zai ba ka mita 43 ko kusa da haka, shi ya sa 'yan ham ke kiran wannan zango mita 40.

Wajen saurare, ko guntuwar waya ka naɗa a eriyar rediyonka ka jefa kan katanga za ka kama tasha. Aika saƙo kuwa yana son ƙa'ida. Eriya mafi sauƙi da ke aiki sosai tsawonta rabin tsawon igiyar ne. A zangon mita 20 kana bukatar waya mai tsawon mita 10. A zangon mita 40, mita 20. A zangon mita 80 kuwa kusan mita 40, wanda ya fi tsawon fulotin mutane da yawa.

Sannan ga maganar bisa. Saƙon gajeren zango yana tashi sama ne ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa can nesa. In eriya ta yi ƙasa-ƙasa, saƙon zai miƙe tsaye ya sauko kusa. In kana so ya tsallake teku, dole ya tashi a karkace, kuma hakan na samuwa ne idan eriyar ta kai bisan kamar rabin tsawon igiyar. Wato a zangon mita 20 kana neman bisan mita 10, kamar bene mai hawa uku. Kun ga ke nan ba son burga ke sa ɗan ham neman dogon ƙarfe ba, ilimin kimiyya ne ya tilasta. Maƙwabci kuma yana leƙowa ta taga yana ganin ƙarfen ya ɓata masa kyan unguwa, yana tsoron darajar gidansa za ta faɗi. Daga nan rigimar ke tashi.

Masu iya hana ka iri biyu ne

Wannan shi ne ƙashin bayan shirin, don haka a nutsu.

Na farko ita ce hukuma: ƙaramar hukuma ko majalisar gari, masu dokar tsara gine-gine. A nan ɗan ham yana da garkuwa. A 1985 FCC ta fitar da wani hukunci da ake kira PRB-1, wanda daga baya ya shiga kundin dokokinta. Abin da ya ƙunsa a taƙaice: hukumar gari tana da damar tsara bisan eriya da inda za a kafa ta saboda lafiya, tsaro da kyan gari, amma ba ta da damar hanawa ɗungurungum. Dole ta ba da dama gwargwadon hankali, kuma takurawar ta tsaya iya abin da ya zama dole.

An gwada wannan a kotu. Wata mata a garin Mendota Heights na jihar Minnesota ta nemi izinin kafa ƙarfe mai zugewa, wanda in an ɗaga shi yake kai ƙafa 68. Hukumar garin ta ƙi. A 1994 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce garin bai yi ƙoƙarin ba ta dama yadda doka ta tanada ba. Jihohi da dama ma sun yi tasu dokar a kan haka. A Virginia, alal misali, hukumar yanki ba za ta ƙayyade bisan eriyar ham ƙasa da ƙafa 75 ba a wuraren da jama'a ke da yawa, a karkara kuwa ƙafa 200.

Na biyu shi ne mai wuyar: yarjejeniyar da ke manne da filin kansa. Idan kamfani ya yanka fili ya gina rukunin gidaje, yakan rubuta sharuɗɗa ya yi musu rajista tare da takardun filin. Launin fentin da aka yarda da shi, tsawon ciyawar ƙofar gida, inda za a ajiye mota, a wasu wuraren har da hana shanya a waje. A cikinsu sau da yawa akwai layi guda da ya hana kowace irin eriya a wajen gida. Sai a kafa ƙungiyar masu gidajen unguwar, wadda ake kira HOA, ta riƙa karɓar kuɗin wata-wata tana tabbatar da an bi sharuɗɗan. Amurkawa sama da miliyan 70 ne ke zaune a ƙarƙashin irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma mafi yawan sababbin gidajen da ake ginawa don sayarwa a ciki suke.

Sharuɗɗan nan filin suke bi, ba mutum ba. Ko kai ne na biyar da ya sayi gidan, ko ba ka taɓa ganin wanda ya rubuta su ba, ranar da ka karɓi takardar mallaka sun hau kanka. Shi kuma PRB-1 bai shafe su ba. FCC ta faɗi haka tun a 1985, ta kuma ƙi canza matsayi da aka sake kai mata koke a 1999 da 2001. Hujjarta ita ce wannan yarjejeniya ce tsakanin mutane, kai ka shiga da ƙafarka. In ka karya, ƙungiyar za ta ci ka tara, tarar ta taru ta zama bashi a kan gidan, a wasu jihohin ma har ta kai ga a yi gwanjon gidan.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane. Za ka shiga irin wannan unguwa ka ga farantan tauraron ɗan'adam a kan gidaje, ka ce ashe an yarda da eriya. A'a. A 1996 majalisar dokokin Amurka ta umarci FCC ta kare 'yancin kallon talabijin, sai aka yi dokar da ta hana HOA hana farantin da bai wuce faɗin mita ɗaya ba, da eriyar kama tashoshin talabijin. Eriyar ham ba ta cikin wannan kariya. Mai kallon ƙwallo doka ta tsaya masa, mai tura saƙon gaggawa ranar bala'i kuwa an bar shi da takardar da ya sa wa hannu.

'Yan ham ba su naɗe hannu ba. Sun kai ƙuduri majalisa, wanda Adam Kinzinger, ɗan majalisa daga jihar Illinois a wancan lokacin, ya ɗauki nauyi. Majalisar wakilai ta amince da shi a 2016, ta sake amincewa a farkon 2017, amma duka biyun a majalisar dattawa ya maƙale. An sake gabatar da wani sabo a 2025, da goyon bayan 'yan jam'iyyun biyu. Sai dai ƙuduri ƙuduri ne har sai majalisun biyu sun amince an sa masa hannu. Mai hankali ba ya cin bashin shekara 30 a kan fatan majalisa za ta cece shi.

To, me ake dubawa kafin a biya?

Hausawa suka ce tun ran gini tun ran zane. Ga matakan da gogaggun 'yan ham ke bi.

Na ɗaya, ka faɗa wa dillalinka tun ranar farko cewa eriya sharaɗi ce, kamar yadda wani zai ce dole gida ya kasance kusa da makarantar yara. Amma kada ka tsaya a maganarsa. Dillali la'adarsa yake nema, kuma ko mai gaskiya ne, wataƙila bai taɓa karanta takardun unguwar ba. “Babu matsala” ta baki ba ta da daraja a gaban alƙali.

Na biyu, ka nemi takardun da kanka. Sharuɗɗan da aka yi wa rajista suna ofishin ajiye takardun filaye na yankin, kowa na iya dubawa. Ka karanta su daga farko har ƙarshe, da duk gyaran da aka yi musu daga baya, da ƙa'idojin kwamitin da ke amincewa da canje-canje a jikin gida. Kada ka nemi kalmar eriya kaɗai. Wani lokaci hanin yana ɓoye a layin da ya ce ba a kafa kowane irin gini ko ƙarfe sai da izinin kwamiti, ko layin da ya hana na'urar aika saƙon rediyo.

Na uku, “babu HOA” a tallar gida ba ya nufin babu sharuɗɗa. Akwai tsofaffin unguwannin da ƙungiyarsu ta mutu ko ba a taɓa kafa ta ba, amma sharuɗɗan suna nan a rajista, kuma maƙwabci guda ɗaya yana iya kai ka kotu da su. Shi ya sa ake sa lauya ko kamfanin binciken takardun mallaka ya bi tarihin filin. Ganin wani a layin yana da dogon ƙarfe ma ba hujja ba ne: mai yiwuwa ya kafa kafin a yi dokar, ko filinsa ba ya cikin rukunin.

Na huɗu, ka sa sharaɗi a rubuce cikin takardar tayinka: in bincike ya nuna an hana eriya, ciniki ya warware kuma a dawo maka da kafin alƙalaminka. In unguwar mai kwamiti ce kuma sun ce za su yarda, ka karɓi yardar a rubuce, da zanen eriyar da bisanta, kafin ranar cikon kuɗi. Kafin ka biya kai ne mai ƙarfi, bayan ka biya kai ne mai roƙo.

Na biyar, ka je ofishin tsara gari ka tambayi iyakar bisan da aka yarda, da ko ana bukatar izinin gini da sa hannun injiniya. Garuruwa da yawa suna so ƙarfe ya yi nisa da iyakar fili ta yadda ko ya faɗi ba zai faɗa gidan maƙwabci ba. Wannan kaɗai yana iya fitar da ƙaramin fili daga lissafi. Duk abin da ya haura ƙafa 200, ko wanda ke kusa da filin jirgin sama, sai an sanar da hukumar sufurin jiragen sama an kuma yi masa rajista.

Na shida, ka saurari gidan. E, saurare. 'Yan ham kan zo da ƙaramar rediyon gajeren zango su zagaya filin, da rana da kuma dare. Manyan wayoyin lantarki, taransifoma mai matsala, inbatar sola ta maƙwabci, wasu fitilu da caja masu arha, duk suna fitar da ƙarar da ke danne saƙo mai rauni. Duk wanda ya taɓa jin rediyonsa na shiiii da zarar an kawo wuta ya san abin da nake nufi. Gidan da doka ta yarda ka kafa eriya amma ba ka jin kowa, asarar kuɗi ce.

Na bakwai, ka dubi filin da idon mai aiki. Ina wayar wuta ta bi? Eriya ko tsani ya taɓa wayar lantarki mutuwa ce nan take, kuma an yi asarar rayuka ta haka. Akwai dogayen bishiyoyin da za a ɗaura waya? Gidan a tudu yake ko a kwari? Masu amfani da zangon da ke tafiya a miƙe, irin na oba-oba, tudu ne gatansu. Ga kuma tanadin tsawa, da tazarar da doka ke so a bari tsakanin eriya mai ƙarfi da inda mutane ke zama, tunda babban lasisi yana ba da damar aikawa da ƙarfin da ya kai wat 1,500.

Na takwas, maƙwabta. Ko doka tana bayanka, da mutanen nan za ka zauna. Sallama, bayani, da nuna musu amfanin abin ranar da wuta da waya suka ɗauke, sun sha kashe rigimar da lauya ba zai iya kashewa ba.

Wanda ya riga ya faɗa fa?

Ba a rasa dabara. Wasu suna shimfiɗa wayar a tsakanin silin da rufi, in rufin ba na ƙarfe ba ne. Wasu suna amfani da siririyar waya da ba a hango ta daga titi, ko ƙaramar eriya mai siffar zobe da ake fitarwa baranda a mayar. Wasu suna mayar da sandar tuta eriya, da yake akwai dokar tarayya da aka sa wa hannu a 2006 da ta hana HOA hana kafa tutar Amurka, ko da yake ƙungiyar tana iya tsara yadda za a kafa ta. Wasu kuma sun koma fita da kayansu wuraren shaƙatawa, ko sarrafa tashar da ke wani wuri ta intanet. Fasaha ma ta taimaka: a 2017 aka fito da wata hanyar aika saƙo ta kwamfuta mai suna FT8, wadda Joe Taylor, masanin da ya ci kyautar Nobel a 1993, yake cikin waɗanda suka ƙirƙira. Tana tsamo saƙon da kunne ba ya ji, don haka ko da ƙaramar eriya ana kaiwa nesa. Amma duk wannan maneji ne, kuma in aka kama mai ɓoye eriya, takardar da ya sa wa hannu za a buɗe masa.

Me ya shafe mu?

Wasu cikin masu bibiyarmu suna Amurka, wasu suna da 'yan'uwa a can da ke shirin sayen gida. Ko ba ruwanka da rediyo, layin da ya hana eriya yana zaune ne kusa da layin da ya taƙaita ba da haya, ko yin sana'a a gida, ko yawan motocin baƙi a ƙofa ranar suna. A nan gida ma rukunin gidaje masu geti da ƙungiya da kuɗin hidima suna ƙaruwa a Abuja da sauran manyan birane, kowanne da kundin dokokinsa. Matashi zai biya miliyoyi, a miƙo masa takardu masu shafi da yawa, ya nemi inda ake sa hannu kawai. Cinikin biri a sama ke nan. Ka karɓi kundin kafin ka biya, ka tafi da shi gida, ka karanta, abin da ba ka gane ba ka kai wa lauya. Ɗan ham na Amurka yana da lasisin tarayya, da ƙungiya mai shekara sama da 100, da 'yan majalisa masu goya masa baya, amma layi ɗaya a takardar fili ya sa eriyarsa tana kwance a kwali.

A nan za mu dasa aya. Ku faɗa mana a sashen sharhi: kun taɓa cin karo da wata doka a gidan haya ko rukunin gidaje da ba ku san da ita ba sai bayan kun tare? In kuma akwai mai lasisin ham a cikinku, mai 5N ko 5U, ya yi mana magana, muna so mu ji yadda abin yake a wajensa. Ku tura wa wanda kuka san yana neman gida. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.